Littafin da Malam Sabo Bai Kawo Ba

Nassarawa, Kano
Alhamis, bayan la'asar

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan za ta same ki kin sauka lafiya, kin shiga ɗakin da aka kama miki, kin kuma gano inda alƙibla take. Allah Ya tsare ki a sama, Ya tsare ki a ƙasa, Ya haɗa ki da mutanen kirki a Jamus ɗin nan da ko a taswira sai na sa tabarau nake ganin garin da za ki. Na ce wa Mamanki ta cusa takardar a ƙarƙashin robar yaji, domin na san ba za ki taɓa wurin ba sai ranar da abincinsu ya ishe ki. In hasashena ya yi daidai, yau kwananki uku ke nan da sauka.

Yanzu haka da nake rubutun nan kina sama kina faɗa da zif ɗin akwati, ina jin ki daga falo. Zan iya hawowa in faɗa miki komai baki da baki, amma kin san halina. Zan fara da nasiha, in ƙare da gyara miki yadda kika naɗe wayar caja, ki ce "to, Abba," mu rabu ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar salla da sanyi da kula da kai, Mamanki ta shafe mako uku tana yi miki, ba ta bar mini ko ɓurɓushi ba. Tawa maganar guda ce, kuma a kan Tsani ne, yaren kwamfutar nan da kika ƙirƙira da hannunki a kan teburin cin abincinmu, wanda mutum zai rubuta "idan" da "maimaita" da "nuna" kwamfuta ta bi. Kin ce kin fara shi ne don ki koyi yadda irin waɗannan yarukan suke aiki ta ciki. Makon jiya Mamanki ta faɗa mini cewa abokan karatunki sun daɗe suna matsa miki ki ɗora shi a intanet a buɗe, kowa ya gani, mai so ya sa hannu. Ta ce har kin rubuta takardar gayyata, kika goge. Wai kin ce abin koyo ne kawai, cike yake da kurakurai, za a yi miki dariya, sai kin gama tukuna. Da na ji, na gane kalmomina ne na shekara talatin da suka wuce suka fito daga bakinki.

Kin san na yi aikin ruwa har na yi ritaya, amma ba ki san abin da na fi alfahari da shi a aikin ba, saboda babu shi yanzu. Lokacin da aka kawo kwamfuta ta farko ofishinmu, lulluɓe ta aka yi da zane, kowa yana tsoron ya taɓa ta lalace a ce shi ne. Ni na ɗage zanen. Na samo wani littafi da bangonsa ya yage, na koya wa kaina, na rubuta manhajar da ke riƙe bayanin rijiyoyin burtsatsen ƙauyuka: inda kowace take, zurfinta, irin famfon da ke kanta, da ranar da aka gyara ta na ƙarshe. Kafin nan duk a fayil suke, gara na cin rabonta. Da manhajar ta fara aiki, makaniki kan san abin da zai ɗauka tun kafin ya tada mota. Wallahi, Ummi, a lokacin in na shigo ofis har tafiyata ta canza.

Kuskurena na farko shi ne na rufe ta. Kullum in darakta ya ce in koya wa wasu yadda aka gina ta, sai in ce saura kaɗan in gama. Wannan "saura kaɗan" ɗin ya kai shekara goma sha ɗaya. Ban rubuta bayani ko layi ɗaya a cikinta ba, sunayen da na raɗa wa abubuwa ma ni kaɗai na san ma'anarsu. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, ba jiran gamawa nake yi ba. Tsoro nake ji kada wani ya leƙa ya ga facin da na yi ta yi, ya gane ashe Injiniya ma lalube yake. Kuma ina jin daɗin cewa duk mai buƙata sai ya zo ƙofata ya tsaya.

To ki ji daga wanda ya gwada: irin wannan aiki ba ya ƙarewa. Ranar da kike jira ba ta zuwa. Ki ɗora shi yadda yake, ki rubuta a layin farko cewa koyo kike yi, kina neman masu koyo tare da ke, ga abin da ke aiki, ga abin da bai yi ba tukuna. Wadda ta faɗi raunin aikinta da bakinta ta riga mai dariya, ba ta bar masa abin faɗa ba. Kuma za ki yi mamakin yawan masu jin tsoron manyan ayyuka, suna neman ƙarami irin naki da za su fara sa hannu a ciki.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi nauyi, shi ya sa na zauna rubutun nan. Akwai wani mai buga takardu a ofishinmu, Malam Sabo, mutumin Kawaji. Ya girme ni da 'yan shekaru. Da keke yake zuwa, ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba, wani lokacin ya manta da ita har azahar. Shi ke shigar da bayanin rijiyoyin a kwamfuta. Ashe duk takardun manhajar da nake bugawa in jefar a kwandon shara, yana tsincewa, ya tafi da su gida, yana karantawa har ya fara ganewa. Ba wanda ya koya masa.

Wata safiya ya yi sallama a ƙofata da takarda a hannu, ya ƙi zama. Ya ce ya lura akwai ƙauyuka biyu masu suna Gidan Tsamiya, ɗaya a gabas ɗaya a arewa, kuma manhajar tana ɗaukarsu abu ɗaya. In an gyara famfon wannan, sai ta rubuta an gyara na wancan. Shi ya sa makanikai suka je sau biyu wurin famfon da lafiyarsa ƙalau, alhali matan ɗaya ƙauyen sun koma ɗibar ruwa a rafi. Ya ce, "Yallaɓai, ina ganin kada ta riƙa gane abu da sunansa kaɗai. A haɗa mata sunan da inda yake zaune." Ya miƙo mini layuka goma sha ɗaya da ya rubuta da biro, tsaf.

Tun a minti na farko na san daidai ne. Kin san abin da ubanki ya yi? Akwai mutum uku a ofishin suna jiran sa hannu. Na ɗauki jan biro na zagaye wurin da ya manta wani waƙafi, na tambaye shi wa ya ba shi izinin karanta takarduna, sannan na ce zan duba, na jefa a durowa. Bayan mako biyu na shigar da layukansa, ban ce masa uffan ba, ban faɗa wa darakta ba. Ya sani mana, ai shi ke zaune gaban kwamfutar kullum. Bai taɓa ɗaga maganar ba. Ya ci gaba da gaishe ni kowace safiya kamar yadda ya saba, har ya yi ritaya, kuma bai sake kawo mini takarda ba. Ni kuwa a wautata na ɗauka ya daina samun kurakurai ne.

Bayan na bar aiki, matasan da suka gaje ni suka kasa karanta manhajar. Sau biyu suka kira ni. Na je na zauna ina kallon rubutun hannuna, na rasa gane me nake nufi, na yi ta gyara zaman tabarau don kunya. A ƙarshe suka ajiye ta gefe suka fara sabuwa, bayanin rijiyoyi da yawa ya tafi da ita. Bayan wasu shekaru aka aiko mini Malam Sabo ya rasu. Na je Kawaji ta'aziyya. Da aka shafa addu'a zan tashi, ƙaninsa ya biyo ni da wani abu a leda, ya ce mai ɗakin marigayin ta ce a ba Injiniya. Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, ya cika har bango. Kowane shafi kuskure ɗaya ne da ya gano a manhajata, a ƙasansa kuma gyaran. Abubuwan da suka kashe ta, rabinsu suna ciki da maganinsu. A shafin farko ya rubuta: "Na Yallaɓai, in ya tambaya."

Ban taɓa tambaya ba, Ummi. A cikin mota na karanta shi, a bakin layinsu, na daɗe ban iya murɗa makulli ba.

Saboda haka in kin buɗe Tsani, duk wanda ya aiko miki da gyara, ki amsa masa. Ki ɗauke shi kamar sallama a ƙofar gida: ko ba za ki shigo da mutum ba, ba kya barinsa tsaye shiru. Ba dole ki karɓi kowane gyara ba, wasu ma shirme ne, amma ki fara da godiya, sannan ki faɗi dalilinki. In ya manta waƙafi, ki nuna masa bayan kin yaba abin da ya gano. In kin yi jinkiri saboda jarrabawa, ki rubuta layi ɗaya ki ce kin gani, za ki dawo. In kuma kin karɓa, ki rubuta sunansa inda kowa zai gani. Mutumin da ya zo miki karo na farko a tsorace yake zuwa, kuma daga amsarki zai yanke ko zai kawo na biyu.

Kada ki ɗauka ban taɓa gayyatar kowa ba. Na yi, sau ɗaya, da darakta ya gaji da ni. Na kira mutum uku na jera musu kujeru a bayana, suna kallon ƙeyata ina bugawa. Duk wanda ya kai hannu kan kibod, kafin ya gama layi sai in ce ya kawo in nuna masa. Zuwa mako na uku ba wanda ya dawo, ni kuma na je na faɗa wa darakta matasan yanzu ba sa son koyo. Na yarda da wannan ƙaryar tawa shekara da shekaru.

Malam Idi, mai kula da shukokinmu, shi ya warware mini ita ba tare da ya sani ba. Bara da damina ya nemi izinin kwana huɗu zai je garinsu a Jigawa, wai yayansa ya kira gayya. Da ya dawo na zauna muna hira yana yi wa gwaibar nan taki aski. Na tambaye shi me ya sa wani in ya kira gayya gona ta cika, wani kuma ya kira a ga mutum biyar. Ya ce ai tun jajibiri ake ganewa. Mai gonar kirki yakan zaga ya raba kunyoyi, kowa ya zo ya tarar da inda zai fara, ga ruwa a inuwa, ga fura. Kuma ba ya bin bayan mutane yana sake nome inda suka nome. Ya ce wanda ya yi maka haka sau ɗaya, baɗi in ya kira sai ka ce kana da zazzaɓi. Ya ƙara da cewa wanda ba ya zuwa ta wasu kada ya sa ran a zo tasa. Na yi dariya a gabansa, amma da na shiga ciki ban ci abincin rana ba.

To gayya za ki kira, sai ki shirya mata. Ki rubuta yadda mutum zai sauke Tsani ya kunna shi a kwamfutarsa, mataki mataki, ki ba wadda ba ta taɓa ganinsa ba ta gwada, ke kuma ki naɗe hannuwanki ki yi shiru. Ki jera ƙananan ayyuka ki yi musu alamar cewa na sababbin zuwa ne. Ga mai wuyar: akwai gyaran da za ki iya yi cikin minti goma, ki bar shi da gangan, ko zai ɗauki wani mako biyu. Na san jinina ne a jikinki, hannunki zai yi ta ƙaiƙayi. Ki daure. In wani ya rubuta abu ba yadda ke za ki rubuta ba amma yana aiki, ki bar masa kayansa. Ke ma ki riƙa leƙa ayyukan wasu kina sa hannu. Za a samu masu zuwa da rashin kunya, da masu son juya Tsani ya zama wani abu daban. Gonarki ce, ki ce a'a da ladabi, ki wuce. Za kuma a yi watannin da ba wanda zai leƙo, kada ki ce don haka za ki rufe.

Saura kuskure na ƙarshe, wanda ke kika fi kowa saninsa. Wata Asabar bara, bayan azahar, ina baranda ina karanta jarida, kika fito da kwamfutarki a buɗe, fuskarki kamar an yi miki albishir da Makka. Kika ce, "Abba, duba, ya yi magana." A fuskar kwamfutar an rubuta "Sannu, Kano," kuma da yarenki aka sa ta faɗa. Ni kuwa na janyo kwamfutar gabana, na yi ta buga abubuwa har na karya yaren naki cikin minti biyu, na juyo miki da ita na ce ga matsala. Ko sannu da ƙoƙari ban ce ba. Kika ce za ki duba, kika rufe, kika shige. Tun daga ranar, in na shigo falo sai in ga kin ɗan karkatar da kwamfutar. Ina gani, ina yin kamar ban gani ba.

Shi ya sa da Mamanki ta ce kina tsoron a yi miki dariya, na san mutumin da kike gani a ranki in kin tuna masu dariyar. Ba baƙon intanet ba ne. Yana zaune a baranda da jarida. Ki yafe mini, Ummi. Sunan mahaifiyata gare ki, ko sunan ba na iya kira, amma na yi miki abin da na yi wa Malam Sabo, har da jan biron, sai dai a baki.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Kin tuna a wancan makon ne kika zuba kwafin Tsani a tsohuwar kwamfutata don ki ga ko zai tashi a wata na'ura, kika manta da shi. Ni ban manta ba. Kusan kullum bayan karin kumallo nakan buɗe in karanta. Ya fi duk abin da na taɓa rubutawa tsabta. Kin sa bayani a kan kowane sashe, har da inda kika rubuta cewa ke ma ba ki gane dalilin da ya sa wani wuri yake aiki ba. A nan na yi dariya har Mamanki ta leƙo. Ina alfahari da ke, ya kamata in faɗa tun a barandar.

Kuma na samu 'yan abubuwa. Guda bakwai ne. Na sayi littafin rubutu a shagon bakin titi ina zuba su, kowane shafi kuskure ɗaya da gyaransa. Sau uku ina zuwa gindin bene da littafin a hannu, in ji ƙarar kibod ɗinki, in juya. A karo na ukun ne na tsaya na kalli abin da ke hannuna, na gane wane ne ni yanzu. Ashe haka Malam Sabo ya riƙa ji a bakin ƙofata.

Na farko a cikin bakwai ɗin zai ba ki mamaki. In mutum ya raɗa wa abu suna a wani sashe na rubutunsa, ya sake amfani da sunan a wani sashe daban, Tsani yana ɗaukarsu abu ɗaya, na biyun ya taka na farkon. Gidan Tsamiya biyu ke nan. Gyaran da na rubuta ba nawa ba ne: kada ya gane abu da sunansa kaɗai, a haɗa masa da inda yake zaune. Wataƙila kin riga kin gyara tuntuni, kwafina tsoho ne. In haka ne, ki faɗa mini, zan ji daɗi.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai son kai a cikin nasihar nan. Jibi teburin nan zai koma na cin abinci kawai. Ba mai ture mini kofin shayi don ta samu wurin caja, ba mai magana da kwamfuta kamar tana jin ta. Malam Idi ma ya tambaya wa zai riƙa tsinke masa gwaiba tun ba ta nuna ba. Na san yadda wayarmu za ta kasance: lafiya lau, Abba, karatu alhamdu lillahi, ya sanyi, da sauƙi, sai in miƙa wa Mamanki ku yi awa guda. Ban iya hira ba, ban taɓa iyawa ba. Aiki na iya. Ina son wuri guda a duniyar nan da ni da ke za mu riƙa haɗuwa a kan aiki, ki rubuta in karanta, in rubuta ki gyara. Ina kewarki tun ba ki tafi ba.

Jiya na buɗe rajista a shafin da ake ɗora irin waɗannan ayyuka. Safiya guda cur ta ci mini, sau biyu yana cewa in tabbatar ni mutum ne. Sunan da na sa shi ne "ɗalibin Sabo." In kin buɗe Tsani kika ga gyara ya shigo da wannan suna, kada ki sassauta masa don tsufa. Ki duba shi kamar na kowa, in ya manta waƙafi ki nuna masa. Amma ki amsa. In kuma gyaran ya shiga, wurin da ake jera sunayen waɗanda suka sa hannu, kada ki sa nawa. Ki rubuta Malam Sabo, Kawaji. Ya daɗe yana jira.

In kuwa kin ga ba yanzu ba, gonarki ce, ba zan sake tada maganar ba. Littafin yana nan a durowar teburina, kusa da nasa. Na rubuta a shafin farko: "Na Ummi, in ta tambaya."

Allah Ya yi miki albarka, Ya buɗa miki karatu, Ya kare ki daga sharrin da kika sani da wanda ba ki sani ba. Ya sa ki fi ubanki sauƙin hali, Ya jiƙan Malam Sabo, Ya dawo mana da ke lafiya muna raye. Mamanki tana gaishe ki, ko da yake yanzu haka tana sama tana zaune a kan akwatin don ya rufu. Zan riƙa duba shafin kullum bayan karin kumallo.

Wassalamu alaikum,
Abbanki